Mashin ɗina da ke ƙin tashi da safe, abin da nike rubutawa rana-rana

Litinin 6 ga Janairu 2025

Yau kwana huɗu ke nan mashin ɗina shina ba ni wahala da safe, shi ya sa na ce bari in fara rubuta abin da ke faruwa da abin da anka taɓa a jikinshi, don in ba haka ba mutum sai ya manta mi anka canza mi ba a canza ba kuɗi kuma suna ta zurarewa. Roba-roba ne 110 mai kiki da sitata, na hannu na saye shi shekara huɗu da sunka wuce, kuma tsakani da Allah bai taɓa kunyata ni ba sai wanga karo. Da shi nike kai yara biyu makaranta daga nan unguwar Mabera cikin Sakkwato in wuce shago wajen Sabuwar Kasuwa, da shi nike kai Inna ganin likita duk ƙarshen wata, to in ya tsaya kusan komai na gidan ne ya tsaya.

Ga yadda abin shike. Ƙarfe bakwai saura in shiga zaure in buɗe makulli in ja cok in danna sitata, injin ya yi ta juyawa amma ko tari ba ya yi. In koma kiki, ashirin talatin, shiru. Sai na turo shi waje cikin lungu na huta kaɗan na sake bugawa sannan ya kama da ƙyar shina fitar da baƙin hayaƙi. Da rana kuwa bugu ɗaya ne. Duk wanda na gaya ma sai ya ce ɗari ne Malam, hunturu ne, kowa haka nashi ke yi. Na san fetur ba ya saurin zama tururi in akwai sanyi, dalilin cok ke nan, amma bara ma an yi ɗari ai kuma bai yi min haka ba.

Talata 7 ga Janairu

Na kwance fulogi tun kafin in turo shi waje. Baƙi ƙirin da kunkunniya, bakin kuma jiƙe da mai har shina wari. Jiƙewar ta nuna mai na isowa, ƙonewa ce ba ya yi. Na saye sabo a hanya, lamba C7HSA irin wanda ke ciki, na sa yaron shagon ya diba tazarar bakin, 0.6 zuwa 0.7 na milimita ake so. Tsohon na goge shi na aje cikin akwatin ƙarƙashin kujera.

Alhamis 9 ga Janairu

Sabon fulogi bai canza komai ba. Jiya ma yau ma sai da na tura shi waje, yara sun makara duka kwana biyun, ƙaramar har da kuka don ana tsare su a ƙofa. Wanga shi ya fi damuna wallahi.

Sitata kuma ta fara sanyi, maƙwabcina ya ce ai ga matsalarka nan batir ne ka saye sabo ka huta. Ban yarda ba, kuma ga dalili. Irin wanga injin wutar fulogi ba daga batir take zuwa ba, daga kwayil ɗin da ke cikin maganeto take, in ka buga kiki maganeto ya juya ya haifar da wuta ya tura ma sidiyai, ƙaramin baƙin akwatin nan, shi kuma ya sake ta ma kwayil ɗin fulogi daidai lokacin da ya dace. Shi ya sa za ka ga roba-roba babu batir sam amma shina tashi da kiki. Batir aikinshi sitata da hon da sigina. Na aro mita wurin mai gyaran waya da ke kusa da shagona, batir ya nuna 12.1 alhali cikakke 12.6 shike nunawa, da na tada injin na ba shi totur ya hau 14 da ɗan kai, ke nan caji na shiga lafiya. Ni ne na shanye shi da yawan danna sitata. Daga yau kiki kawai, in ma zan danna ba zan wuce daƙiƙa biyar ba.

Asabar 11 ga Janairu

Yau na ba kafireta lokaci sosai, tun bayan karin kumallo har azahar, a tsakar gida inda babu wuta kusa, na ce ma uwargida ta dakata da hura gawayi sai na gama.

Kafin in kwance komai sai na sassauta ɗan sukurun da ke ƙasan kofin kafireta na tari man da ya zubo cikin farar gorar ruwa. Da ya natsu sai ga ruwa kwance a ƙasa kamar cokali guda, da wani jan gari-gari kamar tsatsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa shike zama, kuma daga ƙasan kofin ne jet, 'yan sukurorin nan masu ƙaramin rami da mai ke bi, ke zuƙa, to kun ga abin da injin zai fara sha da safe. Na san inda na samo shi. Ranar da munka dawo daga Bodinga da dare mai ya kusa ƙarewa na saye lita biyu na galan bakin hanya, ban ga laifin yaron ba don shi ma sayowa ya yi, amma galan da ke kwana a waje a buɗe a rufe cikin ƙura komai na iya shiga. Tun da anka cire tallafi a watan Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa farkon 2025 ta kai wajen dubu, mu masu mashin mun koma zuba lita ɗaya lita biyu, tanki kullum kusan wayam, kuma tankin ƙarfe da ba ya cika shi ke yin gumi daga ciki ya yi tsatsa. Wannan ma nashi ne.

Na cire jet biyun. Babban a buɗe shike, ƙaramin na silo kuwa da na ɗaga shi sama ina hangen rana ta ciki hasken da ƙyar ke wucewa, kuma shi ne ke ba injin mai lokacin tashi da lokacin silo. Na jiƙa shi cikin fetur mai kyau na zare silin waya guda na jan ƙarfe mai laushi na bi ramin a hankali na hure. Don Allah kar wanda ya sa allura ko wayar birki, ramin in ya buɗe fiye da ƙima ba ya komawa, mashin zai riƙa shan mai har ranar da ka canza jet ɗin. Tanki ma na juye shi tas na ɗauraye na sa ƙaramar matatar mai a tiyo.

Sai iyakilina, matatar iska ke nan. Kunya ta kama ni da na ga soson, ya koma kamar bulo don ƙurar hazo, rabon da in buɗe shi tun damina. Baƙin fulogin nan da baƙin hayaƙi daga nan suke, iska ba ta isa mai ya yi yawa. Na wanke da ruwan omo na matse na shanya ya bushe sarai sannan na ɗiga baƙin mai kaɗan na murza. Da la'asar na haɗa komai, bugu ɗaya ya tashi, silo ya zauna daram, muryarshi ma ta canza. Raina ya yi fari.

Lahadi 12 ga Janairu

Ya ƙi tashi. Cikin zaure bugu ashirin da biyar na ƙirga. Waje kuma bugu na huɗu ya kama, ba hayaƙi wanga karon.

Laraba 15 ga Janairu

Na kai shi gareji wurin bakaniken da na saba da shi. Matsalar ita ce duk sanda na isa can mashin lafiyarshi lau, ya buga sau biyar ya tashi sau biyar, ya cire fulogi ya jingina da jikin injin ga wuta shuɗiya tana tsalle tas tas. Ya ce Oga ni ban ga komai ba amma tunda safe ne kawai sidiyai ne ya fara gajiya, a canza. Na ce a gwada da na wani mashin tukuna, ya ce ai nan ba za ka gane ba sai da safe, gaskiyarshi kuma. Na biya anka sa sabo na karɓi tsohon na sa aljihu.

Ba ni jin daɗin irin wanga gyaran na a canza a gani. Ba wai ina zarginshi ba, mutumin kirki ne kuma layin 'yan kabu-kabu ke jiranshi kowa na sauri, ba shi da lokacin zama bin waya ɗaya ɗaya. Amma ni aljihuna ne ke biyan gwajin.

Juma'a 17 ga Janairu

Sabon sidiyai, tsohuwar matsala. Jiya ya ƙi yau ya ƙi. Yau kabu-kabu na tsayar ma yara na biya kuɗin zuwa da dawowa.

Bayan an sauko Juma'a wani abokin kasuwa ya haɗa ni da wani dattijo da ya daɗe shina gyaran mashin tun zamanin da ake zuba baƙin mai cikin fetur, yanzu 'ya'yanshi ke aikin shi sai zama bisa benci da carbi. Bai taɓa sifana ba da farko, ya ce in buga kiki da hannu ba da ƙafa ba. Na danna ya tafi ƙasa salalam babu wata turjiya. Ya ce "yaro wanga kikin ya yi taushi, yaushe rabonka da setin bawul?" Na ce Baba tun da na saye shi ban taɓa ba. Ya girgiza kai ya ce in bar shi nan ya kwana, don ba a auna bawul da injin mai zafi.

Asabar 18 ga Janairu

Na isa tun bakwai da rabi da ɗari na. Ɗan Baba ya buɗe murafun tafet biyu, ya juya maganeto har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin injin a bugun da bawul biyun ke rufe, sannan Baba ya miƙo fila geji, ma'aunin nan mai siraran ganyen ƙarfe. Ganyen 0.05 ya kamata ya shige da ɗan jan jiki. Na wajen salansa ya shige da ƙyar, na wajen shigar mai kuwa ko alama, babu tazara ko kaɗan, tafet ɗin, ɗan ƙarfen da ke danna bawul ya buɗe, zaune shike bisa kan bawul.

Baba ya yi min bayani yadda ban mantawa. Ya ce bawul ƙofa ta, in ba ta rufe ruf ba lokacin da fistin ke matso iska da mai to matsin sai ya zurare, injin da babu matsi kuwa ba ya tashi da sanyi ko da wuta da mai sun cika. Da tafiya ta yi tafiya bawul na cin mazauninshi shina nutsewa ciki, tazarar na raguwa har ta ƙare, kuma wai masu mashin sun fi son haka don injin ya yi shiru, alhali ɗan ƙaran cak cak na tafet lafiya ne, shirun ne ke ƙone bawul. Anka saita duka biyun 0.05 anka ɗaure. Da na sa ƙafa kiki ya yi tauri har shina turo ni. Bugu biyu da cok ya tashi, injin da ya kwana a fili cikin sanyi. Abin da Baba ya karɓa bai kai rabin kuɗin sidiyai ba.

Laraba 22 ga Janairu

Lahadi, Litinin, Talata, yau, kullum bugu ɗaya ko biyu. Ƙarfi ma ya ƙaru, da yara biyu a baya ba ya nishi kamar da. Alhamdu lillahi. Ƙanena ya kawo buhunan albasa daga Wurno ranar Asabar ya cika min zaure da su kafin ya samu mota, mashin sai tsakar gida shike kwana na lulluɓe shi da tsohuwar tabarma.

Juma'a 24 ga Janairu

An kwashe albasa jiya da yamma. Yau da safe mashin ya ƙi tashi, sam sam, kamar ba a taɓa yi mishi komai ba. Na zauna bisa dakalin zaure na rasa abin da ke min daɗi, fulogi sabo kafireta tas iyakilina tas sidiyai sabo bawul an saita, to mi ya rage. Na turo shi waje ya tashi bugu ɗaya.

Wani abu kuma ya faru da rana wanda da ban rubutu da ƙila ban kula ba. Na shiga wani lungu wajen Kasuwar Kara na tarar mota ta toshe hanya, na karya kan mashin hagu gaba ɗaya zan juyo, sai ya mutu tak kamar an kashe makulli, babu tari babu jijjiga. Na miƙe kan na buga ya tashi.

Daren Juma'a

Na kasa barci na ɗauko waya na karanta duk abin da na rubuta daga 6 ga wata. Duk ranar da ya ƙi, cikin zaure ne. Duk inda ya tashi, waje ne ko gareji ko tsakar gida. Ni da kowa mun ɗauka sanyi ne da lokaci, wai kafin in turo shi waje rana ta ɗan ɗaga, amma ai a garejin Baba da tsakar gida a fili ya kwana inda ya fi zaure sanyi nesa ba kusa ba, kuma ya tashi. Zaurenmu ƙunci gare shi, in na shigo sai na karya kan hagu har ƙarshe na kulle shi a haka, da safe ko na buɗe makulli kan na nan a karye don bango ya tokare shi, a haka nike bugun kiki. Waje kuwa kan a miƙe shike. Ga kuma abin da ya faru a Kara. Abu guda ban taɓa yi ba duk kwanakin nan, ban taɓa diba wutar fulogi a cikin zaure ba, kullum sai a inda mashin ke lafiya.

Asabar 25 ga Janairu

Ana sallame asuba na shiga zaure da tocila. Ban motsa mashin ba. Na sa hancina na shinshina ko akwai warin mai a ƙasa, babu, na buɗe ƙofar waje don iska, na sa tsohon fulogin nan da na aje a kan wayar na jingina shi da jikin injin, babban yarona ya buga kiki. Babu wuta ko ɗis. Na ja mashin baya kaɗan na miƙe kan, ya sake bugawa, ga wuta shuɗiya. Hagu babu, miƙe akwai, dama akwai. Sau shida munka maimaita, sau shida haka. Yaron har ya yi kabbara.

Na kira Baba a waya na gaya mishi, ya yi dariya ya ce "to ka gama aikin ai, wayar kashewa ta, ka zaro baƙa mai farin zane daga sidiyai ka gani." Sidiyai ɗin waya biyar gare shi: baƙa mai jan zane daga kwayil ɗin maganeto, shuɗiya mai farin zane daga fikof mai gaya mishi lokaci, baƙa mai ɗorawar zane zuwa kwayil ɗin fulogi, koriya ta as wadda ke haɗe da jikin mashin, sai baƙa mai farin zane da ke tafiya wurin makulli. Ita wagga ta ƙarshen aikinta ba kawo wuta ba ne, in ka kashe makulli haɗa ta shike da jikin mashin wutar ta zube ƙasa injin ya mutu. Ke nan duk inda ta goge ta taɓa ƙarfe daidai shike da an kashe makulli ko da makullin na kunne. Na zare ta daga soket na karya kan hagu, wuta ta dawo.

Kwance robobin gaba shi ya ci lokaci, sukurori sun fi goma kuma kunnuwan roba in ka yi gaggawa sai su karye. Da na buɗe na bi damin wayoyin da ya sauko daga makulli ya bi ta gefen wuyan mashin, nan na gan ta. Wani ya taɓa ɗaure damin da wayar ƙarfe ya matse shi da firam, ƙila tun kafin ya zo hannuna, tef ɗin ya bushe don zafin garin nan ya farfashe, gefen ƙarfen ya yi ta cin robar wayar duk juyi ɗaya har jan ƙarfen ya fito fili, bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, wurin har ya yi ɗan baƙi. In kan ya karye hagu damin ya miƙe ya manne da ƙarfe. Koriyar da ke kusa da ita ma ta fara cinyewa.

Na yanke wurin na kai ma mai gyaran waya ya zo da abin dalma ya haɗa min da kyau, ban yarda da murɗawa da hannu ba don wuri ne mai motsi kullum. Munka sa tef sabo ninki uku, na yanko guntun tsohon tiyub na naɗe damin a inda shike gogar firam, na cire wayar ƙarfen nan na ɗaure da igiyar roba sako-sako yadda kan zai juya hagu da dama ba tare da ya ja shi ba. Kafin in mayar da robobi na tada injin na yi ta karya kan ƙarshe zuwa ƙarshe, bai ko girgiza ba.

Lahadi 26 ga Janairu

Cikin zaure, kai a karye hagu, cok, bugu ɗaya. Na mayar da tsohon sidiyai don in tabbatar, shi ma bugu ɗaya, ashe lafiyarshi ƙalau. Na bar tsohon a jiki, sabon na naɗe shi a leda na aje.

Na koma wurin bakanikena na nuna mishi guntun wayar da na yanke, ya juya ta a hannu ya ce wallahi Oga da wuya in gano wannan a gareji, akwai wani ɗan kabu-kabu da nashi ke mutuwa a kwana shekaranjiya na canza mishi kwayil, bari in kira shi ya dawo.

Asabar 1 ga Fabrairu

Mako guda cur bai ƙi ba ko sau ɗaya, yara ba su sake makara ba. Batir ya koma 12.6 da kanshi, sitata na aiki. Na sake tarar mai daga kofin kafireta a gora, babu ruwa babu tsatsa, fulogi kuma ya koma ruwan ƙasa-ƙasa a bushe. Jiya na kai ma Baba goro da lemu na gaishe shi, ya ce in dawo a sake auna bawul kafin azumi tunda sun daɗe a matse, in tazarar ta sake ƙarewa da wuri to sai an buɗe kan injin an diba mazauninsu. Soson iyakilina kuma zan riƙa wanke shi duk sati biyu har hazo ya wuce. Gobe in Allah ya kai mu juyen baƙin mai, don duk fetur ɗin da ya yi ta zuba cikin silinda kwanakin da nike bugun kiki babu wuta wani ya gangara cikin man, na ja sandar awo na shinshina yau da safe kuma warin fetur na nan.